Laimar Bilal a Kudai

Litinin: daga Columbus

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka kulle gida, ni da mijina Bilal, za mu Umara. Bilal baƙar fatar Amurka ne, shekararsa goma sha takwas yana aiki a wani kamfanin lemon kwalba. Ƙarin albashi sai an yi da gaske, amma kyautar tarkace ba a magana: hula, riga, gorar ruwa, har safa, kowacce da ƙaton tambarin kamfani.

Kafin tafiya ofishin tsaronsu ya turo masa takarda, wai kada ma'aikaci ya yi yawo da tambarin a ƙasar waje, don a wurare da yawa jama'a na ƙaurace wa kayan Amurka. Shi bai karanta ba, ni na karanta. Na zazzage akwatinsa, na yi masa binciken da ko kwastan ba za su yi ba. Muka sauya jirgi a New York, muka yi awa goma sha biyu a sama. Da ya ɗaura harami na ce alhamdu lillahi, ga dai tufar da ba mai buga mata hatimi.

Talata: Jidda zuwa Makka

Mun sauka sha ɗaya na safe. Direban tasi ya ce riyal ɗari uku, na yi masa cinikin 'yan kasuwar Kwari, muka ƙare a ɗari biyu. Kilomita wajen tamanin ne. A shingen Shumaisi jami'i ya leƙo, ya dubi takardunmu, ya ɗaga hannu muka wuce.

Masaukinmu a unguwar Kudai yake, ɗaki mai tagar da ke kallon bangon maƙwabta. Bayan la'asar bas ta kai mu Harami. Da Bilal ya ga Ka'aba sai ya fashe da kuka, ƙato guda. Ranar kam ban tsokane shi ba.

Alhamis: Kudai

Sha ɗaya da rabi Gwaggo Rabi ta zo ɗaukar mu cin abinci a gidanta da ke unguwar Shisha. Ƙanwar babana ce. Ta zo Hajji tun ina firamare, ba ta koma ba, kuma har yau ba ta da igama, wato takardar zama. Girki take yi wa gidajen biki.

"Dije, wannan ne angon? Masha Allah, ya cika ƙofa. Yalla, mu nemi mota."

Muna tsaye bakin titi rana na dukan sabon askin Bilal, sai na ji fat! Mutumin nan ya buɗe laima, da tambarin kamfani kamar faifai. Ashe a cikin haramin ya naɗe ta.

"Bilal, rufe abin nan."

"Dije, kaina ke soyuwa."

Bai rufe baki ba wani dattijo mai shagon kayan masarufi ya fito yana nuna laimar yana faɗa da Larabci. Abin da na tsinta shi ne, shi ya kwashe lemon nan daga shagonsa ya yi asara, wani kuma zai zo har garin Allah yana masa talla. Bilal ya zaci gaisuwa ce, ya yi ta amsawa da "Barakallahu". Dattijo ya ƙara hawa. Mutane suka taru, masu ba da haƙuri da masu ƙara wuta, wani har ya kama bakin laimar yana ja. Sai ga motar 'yan sanda.

Suka nemi takardun duk wanda ke wurin. Fasfonmu ko minti biyu bai yi a hannunsu ba. Suka ce Bilal ya naɗe laimarsa, dattijo ya koma shago. Amma na ga sun tura mutum biyu cikin mota, da wata mace mai baƙar abaya da ban ga fuskarta ba. Na waiga, babu Gwaggo.

Na kira wayarta sau tara, a kashe. Nan na manta ina ƙasa mai tsarki, na wanke Bilal tas da Hausa da Turanci.

Shisha

Tasi riyal talatin, tafiyar minti ashirin. Kwatancen da nake da shi bai wuce "bayan mai gasa burodi" ba. Sai biyu da kwata muka gano gidan, a hawa na uku. Na ƙwanƙwasa.

Gwaggo ta buɗe da ludayi a hannu.

"Kun daɗe. Tuwon har ya huce."

Tun kafin motar 'yan sandan ta tsaya, in ji ta, ta shige shagon mai ɗinki, ta fita ta baya, ta kashe waya. Na rungume ta ina kuka, ta ture ni wai zan zubar mata da miya. Sannan ta dubi Bilal ta ce in fassara masa, kada in rage ko kalma.

"Ɗana, kai ko cinnaka ya cije ka, akwai ofishin da zai tambayi lafiyarka. Ni in aka ɗauke ni, sai dai Dije ta ji a bakin mutane. Halas, ya wuce, zauna ka ci."

Ya zauna. Malmala uku ya tashi da su da miyar kuka, kansa a ƙasa. Da za mu tafi ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Gwaggo, yi haƙuri," Hausar da ya iya ke nan. Matar da aka saka a mota kuwa, Gwaggo ta bincika a unguwa, ba a san ko wace ce ba.

Lahadi: gida

Mun bar Kudai bakwai na safe, muka iso Columbus Litinin da yamma. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Gwaggo Rabi da ta ciyar da wanda ya kusa jawo mata kora, da wani tela a Kudai wanda ban san sunansa ba, mai shago mai ƙofa biyu.