Gwangwanin da Baba ya daina rainawa

Jiya a gareji a Kpakungu, na ga Baba yana shafa gaban motar ƙanwata da ya lotse. Karo ta yi a hanyar Maikunkele, amma ita ƙanwar tawa ta fito ba ko ƙwarzane.

Kullum Baba kan ƙwanƙwasa tsohuwar motarsa ya ce, "Wannan shi ne ƙarfe, naku gwangwani ne."

Amma jiya a garejin, bakanike ya ce masa, "Alhaji, da gangan ake ƙera sababbi su lotse, su shanye bugun. Irin taka ba ta lotsewa, na ciki ke shan wuya."

Sai Baba ya ce, "Ashe motar ce ta karɓar wa 'yata dukan."

Yau ya ajiye makullinsa, ya ce a kai jikokinsa makaranta a nawa gwangwanin.

Ku ma babanku na ƙwanƙwasa mota kafin ya yarda da ita?