Mai Fiton da Bai Hau Gada Ba

Lokacin da aka haifi Eulogio Cardozo, iyakar mazaɓarsu ita ce bakin kogi. Duk wanda ke wannan gaɓar manomin rogo ne, ɗan jam'iyyar shuɗi. Yana saurayi ya gaji jirgin fiton ubansa, a shekarar kuma gwamnati ta haɗe su da hayin kogi, ƙasar Don Fulgencio mai garken shanu, wanda makiyayansa kaf 'yan jam'iyyar ja ne. Mazaɓa ta yi faɗin da ko a kan doki sai ka kwana a hanya, amma rumfar zaɓe ɗaya ce, a makarantar garin su Eulogio.

Daga nan jirgin Eulogio ya koyi lalacewa ranar zaɓe. Makiyaya su yi cirko-cirko a hayi suna ƙwala masa kira, shi yana gindin mangwaro yana tsotsar tereré, shayin ganyensu mai sanyi. Har ƙanwarsa Petrona, da ta yi aure a can, bai taɓa ɗaukowa ba.

Wata shekara yaran Don Fulgencio suka ƙetaro da iyo, suka ɗaure shi a jikin mangwaron, suka yi ta jigilar masu zaɓe da jirginsa har la'asar. Petrona ce ta zo kwance shi, ya tofa mata yawu a ƙafa.

"Yaya, ni ce fa," in ji ta.

"Ƙanwata ta mutu ranar da ta ƙetare. Ke kam saniyar Fulgencio ce."

Ba su sake magana ba. 'Yan ja suka ci, suka gina gada, suka ɗauke rumfar zaɓe zuwa hayi. Sana'ar fito ta mutu. Eulogio ya rantse ƙafarsa ba za ta taka gadar ba, bai kuwa taka ba. Duk zaɓe zai tuƙa ƙaramin kwalekwale ta ƙarƙashinta yana zagin masu wucewa a sama, ya jefa ƙuri'arsa, ɗan takararsa ya sha ƙasa, ya dawo.

Da ya rasu, jikan Don Fulgencio, wanda ke neman kujerar mazaɓar a lokacin, ya aiko da bijimi don 'yan zaman makoki. 'Yar Eulogio ta kora bijimin da sanda har tsakiyar gada, ta koma gida ta dafa musu rogo.