Baƙin Kofi a Gonar Haladu

Ana sallame sallar asuba muka ɗau hanya ranar Asabar ɗin da ta wuce, mu uku: ni da yayana da wani maƙwabcinmu da ya ba da motarsa kuma ya ce shi zai tuƙa. Ta'aziyya za mu je wani ƙauye a bayan Bunkure. Haladu ne ya rasu, ɗan Goggonmu ƙanwar mahaifinmu. Ranar Alhamis abin ya faru, mu kuwa labari bai iso mana ba sai bayan an kai shi makwancinsa. Bai cika shekara arba'in ba. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu.

Ku da kuka saba karanta abin da nake rubutawa kun san rigimata da yayana a kan shayi da kofi. Ni aikin ɗab'i nake yi, kuma shekara shida ke nan ban iya tsayawa gaban inji sai na sha kofi. Shi kuwa mutumin shayi ne, mai kauri, wanda cokali zai kusa tsayawa a ciki. Yakan ce abin da nake sha ruwan gawayi ne, ni kuma in ce nasa kunun jarirai ne. Ran nan dai babu wanda ya tayar da zancen. Har muka wuce Na'ibawa maƙwabcin namu ne kawai ke ta faɗa da direbobin tirela da suka tare rabin titi.

A gadar Tamburawa na leƙa ƙasa, na ga ruwan ya ja baya sosai, sai tifofin yashi a tsakiyar kogin. Bazara ta kama gadan-gadan. Rana ko ɗagowa ba ta gama yi ba, amma iskar da ke shigowa ta taga ɗumi gare ta.

A Karfi muka tsaya karyawa, daidai inda za mu bar titin Zariya mu karkata hanyar Bunkure. Masu ɗanyar masara sun riga sun jibge kaya a bakin titi. Muka zauna a bencin wani mai shayi, dattijo mai furfura a gemu. Teburinsa ba irin wanda na sani da ba ne, lokacin da ake jera gwangwanayen madara kamar gini. 'Yan ƙwayoyi ne a gefe, burodi ma ƙanana sun fi yawa. Yayana ya ce a haɗa masa mai kauri, da ya ji kuɗin sai da ya sake tambaya, a zatonsa na mu uku ne.

Ina zaune sai na lura masu zuwa wurin iri biyu ne. Akwai masu zama a benci, yawancinsu dillalan masara da direbobi, su ake wa shayi da madara da burodi, wani har da ƙwai. Akwai kuma waɗanda ba sa zama. Sukan zo da lauje a hannu, ƙafafu duk busasshen taɓo, su ce, "Ba ni baƙi." Sai dattijon ya yage 'yar ledar kofi, wani lokaci biyu, ya zuba ruwan zafi, ya ɗan yaryaɗa sukari. A tsaye suke kurɓewa, suna hurawa suna yamutsa fuska, su ajiye su wuce. A ɗan zaman da muka yi na ga an yi haka ya fi sau goma.

Na ce, "Baba, ashe mutanen nan 'yan garinmu ne, sun san daɗin kofi."

Ya dube ni, bai yi dariya ba. Ya ce, "Daɗi? Alhaji, ɗaci ne fa. Shayi abokin burodi ne, in ka sha shi kaɗai cikinka zai tambaye ka sauran. Wannan kuwa in ka sha, cikin shiru yake yi har azahar. Shirun nan suke saya."

Na ƙarasa kofina, muka tashi.

Hanyar Bunkure akwai ramuka, amma ido yana samun abin kallo. Hagu da dama shinkafar rani ce ta nuna, ta yi jawur, wasu gonakin an yanke, wasu ana kai. Babban kanal ɗin da ke kawo ruwa daga Tiga yana tafe a cike, mata na wanki a bakinsa. Sai dai muna barin kwalta muka bi ƙananan magudanan, labari ya canza. Ciyawar kacala ta cinye wasu har ba ka ganin ruwan, wasu kuma sun bushe ƙurmus, ƙasan ya tsattsage. Mun wuce gonakin tumatir da tsutsar nan da suke kira sharon ta gama da su, ganyen ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Ɗan abin da aka tsira da shi an yanka an shanya a ƙasa, ƙuda na bi.

Mun tarar da zaman makoki a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin wata darbejiya. Muka yi addu'a, muka yi wa Baffa, mahaifin marigayin, gaisuwa. Shi ya ba mu labarin yadda abin ya kasance, a hankali, idonsa na kan carbinsa. Gonar Haladu tana can ƙarshen magudana, inda ruwa ba ya isowa sai na gaba sun ƙoshi. Tumatirinsa ya lalace bana, don haka shinkafar ce kaɗai ta rage masa. Yana tsare ta daga tsuntsu, yana kuma zuwa ƙwadago gonakin mutane don a samu na cefane. Ranar Alhamis da hantsi suna bugun shinkafa a gonarsa, ya ɗaga dami zai maka a jikin durom, sai ya saki, ya dafe kai ya durƙusa. Aka ɗora shi a babur, mutum ɗaya na riƙe da shi ta baya, aka kai asibiti. Suka ce jininsa ne ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa. Kafin la'asar ya cika.

Wani tsoho a gefen tabarma ya ce, "Baƙin ruwan nan ne da suke ɗirka. Mu da muka yi noma da fura da kunu ga mu nan." Wani ya ce a'a, matasan gari duka suna sha, ai ba su faɗi ba. Baffa ya ɗaga hannu, aka bar zancen.

Ni kuwa na san abin da su ba su sani ba. Shekara biyu da suka wuce, da Babbar Sallah, Haladu ya kawo mana ziyara Kano. Ya same ni ina haɗa kofi, ya ɗanɗana, ya tofar, muka yi ta dariya. Na yi ta yaba masa shi, na ce yana kore kasala, yana sa mutum ya yi aikin mutum biyu. Da zai tafi na sa masa gwangwani guda a cikin tsarabarsa.

Da aka yi mana iso cikin gida, muka sami Goggo a rumfa ta jingina da bango. Ta rame ƙwarai. Matar marigayin tana ɗaki cikin takaba, labule a sake, ta nan muka gaisa. Bayan an yi addu'a yayana ya fita, ni na kasa tashi. Na ce, "Goggo, akwai maganar da ke damuna. Kofin nan da ake cewa, ni na fara ba shi."

Ta ce, "Na sani. Ai da murnarsa ya dawo, yana nuna wa kowa."

Sai matar ta yi magana daga bayan labule, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Yaya, da can shayi yake sha, da burodi, shi da yara. Da abubuwa suka yi tsada sai ya ce a bar wa yara. In na dama koko ma sai ya ce in ƙara musu, shi kofinsa ya ishe shi, yana riƙe masa ciki. Bara da ciwon kai ya dame shi, malamar asibiti ta auna shi ta ce ya bari, ya riƙa barci, ta rubuta masa magani. Wata ɗaya ya sha maganin. Kofin kuwa sau uku a rana, ran da aiki ya yi yawa har huɗu."

Na ce, "Ba ki hana shi ba?" Ina faɗa na ji kunyar tambayar.

Ta ce, "In na hana shi, me zan ba shi?"

Goggo ta share ido da bakin mayafi. Ta ce, "Kai gwangwani ɗaya ka ba shi, ɗan nan, tun yaushe ya ƙare. Sauran shi ya saya da hannunsa. Kwana ne ya ƙare. Tashi ka je ka ga gonarsa, ana can ana ƙarasa masa aiki."

Bayan azahar wani abokin marigayin ya raka mu. Tafiya ce mai ɗan nisa a kan kunyar da ta raba gonaki, rana na dukan tsakar ka. Mun sami mutum kusan goma sha biyar sun yi gayya, an shimfiɗa tamfol, an kafa durom biyu, ana bugu, ƙaiƙayi na tashi yana manne wa gumi. Abokin ya nuna mana daidai inda Haladu ya durƙusa. Babu wata alama, tattaka ce kawai.

Yayana ya tuɓe babbar riga ya karɓi dami. Ni ma na gwada. Ban yi bugu ashirin ba numfashina ya sarƙe, hannuna ya yi jawur, wani ya ce, "Alhaji, koma inuwa kada mu yi biyu." Aka ɗan yi dariya, ita ce dariyar farko da na ji tun safe, kuma ba ta daɗe ba.

A gindin wata bishiyar mangwaro wani dattijo ya ɗora buta a kan duwatsu uku. Shayi ne ba madara, ya sha citta da kanumfari, gidan makokin ne suka aiko da kayan haɗin tare da ɗumamen tuwo. Da ya nuna aka kira kowa. Abin da na gani shi ne, shayin nan sai da ya zaunar da su. Aka miƙe ƙafa, aka ci tuwo, moɗa biyu na zagayawa, aka yi hirar marigayin, har wani ya kwaikwayi yadda yake korar tsuntsu da waƙa. Amma ana tashi na ga mutum uku sun zaro 'yar ledar kofi daga aljihu, sun juye a sauran ruwan zafin.

Na ce wa ɗaya daga ciki, wanda shi ya riƙe Haladu a kan babur, "Bayan abin da ka gani, ba ka jin tsoro?"

Ya ce, "Ina ji mana. Jiya ko rintsawa ban yi ba, ina ta ganin fuskarsa. To amma tawa shinkafar tana can a tsaye, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. In ruwa ya sauka a kanta, shi ke nan shekarata. In na gama girbi zan bari, in Allah ya so." Ya shanye ya koma bakin durom.

Da la'asar muka yi sallama. Mun biyo ta Kura saboda maƙwabcinmu yana son sayen shinkafa. Injinan casa na ta ruri, buhuna jibge har bakin titi, motoci na lodi zuwa garuruwa masu nisa. Na tsaya ina kallon farar shinkafa na zuba daga bakin inji, tas da ita, babu abin da ke jikinta da zai nuna wanda ya buga ta. Yayana ya zo ya tsaya kusa da ni. Na ɗauka zai ce wani abu a kan kofi, don ranar ya sami hujjar da bai taɓa samu ba. Sai kawai ya dafa kafaɗata ya ce mu tafi kada magariba ta same mu a hanya.

Mun shigo Kano ana kiran salla. Ban san ko kofi ne ya kashe Haladu ba, ni ba likita ba ne, kuma na ga masu shan shayi da hawan jini ya kwantar. Abin da tafiyar nan ta nuna mini shi ne, shekara shida ina musu a kan wanne ya fi, ashe musun ƙosassu nake yi. Ni ina shan kofi ne bayan na karya, don in ji garau. Haladu yana sha ne a maimakon karyawa. Na ga yana ramewa duk zuwan da ya yi, na yaba masa ƙwazo, na ba shi shawarar abin sha, ban taɓa tambayarsa me ya ci ba.

Allah ya jiƙan Haladu, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari.