Rabon da ba Lawali ya yi ba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Malam Lawali, malamin wasanni a wata makarantar sakandare ta Talata Mafara, abokina tun muna firamare. Ni tela ne, karatuna a firamaren ya tsaya. Da ana warware abin da mutum ya yi kamar yadda nake warware ɗinki idan ya karkace, abu ɗaya zan fara kai wa reza: ranar da na tashi a gaban kwamitin wasannin makarantu na ɗora sunansa a kan shawarar da ba tasa ba.

Yaran yanzu ba su san yadda abin yake a da ba, don haka bari in faɗa. Makarantun Mafara da na Bakura da na Maradun rukuni ɗaya suke a gasar ƙwallon ƙafa. Idan a Mafara za a buga, ranar Talata ake sawa, domin motocin kasuwa su ne ke kawo 'yan wasa da 'yan kallo, wasu a kan buhunan albasa, wasu a tsaye a bayan akori-kura. Ba a dafa wa baƙi abinci a makaranta. Kowane ɗan wasanmu zai ja baƙo ɗaya zuwa gidansu su ci tuwo a kwano ɗaya, sannan su fito fili su yi ta taka wa juna ƙafa. Idan mun je can, haka suke yi mana. Wasan da ya fi zafi shi ne namu da wata makaranta ta wajen Dakko a ƙasar Bakura. Filinsu tsohuwar gona ce, har ana ganin alamar kunya, amma sun sha cin mu a kai, sun kuma sha cin mu a namu.

Mahaifiyar Lawali 'yar Dakko ce. Kawunsa Ɗanjumma, manomin albasa, duk Talata a gidan Lawali yake sauka. Ranar wasa kuwa kawu zai tsaya a gefen mutanensu yana yi wa ɗan ƙanwarsa ihu, wai ya koya wa yaran birni gudu tukuna kafin ya ba su ƙwallo.

Lawali yana da wata al'ada da duk majalisar ƙofar shagona ta sani. Bayan la'asar zai ɗebo albasa daga tiren mai albasar da ke gefenmu, ya baza a tabarma. Kowace albasa makaranta ce. Sai ya fara da “da a ce”. Da a ce a raba makarantu gida biyu, na bakin kanal ɗin ban ruwa na dam ɗin Bakolori daban, na tudu daban, tunda yaran kanal da rani suke aikin shinkafa da alkama, na tudu kuma da damina, kowa ya buga lokacin da hannunsa ya saki. Da a ce a bi ranakun kasuwa. Da a ce a bi gulbi, na wannan ƙetare da na wancan, don kada ruwa ya hana kowa zuwa. Wata rana ma ya raba su bisa girman tumbin shugabannin makarantun, aka yi ta dariya har mai albasa ya ce a mayar masa da kayansa kafin su laushi. Ba don a aikata yake yi ba. Daɗin lissafin yake ji, kamar mai dara. Kuma duk tsarin da ya shimfiɗa, da tambaya ɗaya yake rufe shi: “To, wa zai yi kuka?” Sai ya nuna albasar da za ta yi kukan, ya tattara su ya mayar.

Wata ranar ya ɗauki wadda ta fi girma, wato makarantarmu, ya ajiye ta can ƙarshen tabarma, ya ce nan Gusau ne, da a ce Mafara ta bar ƙauyuka ta koma bugawa da manyan makarantun birni. Ɗana Sanusi yana tsaron gida a lokacin, kuma na gaji da ganin yaran da ba su da ko takalmi suna zura masa ƙwallo. Na ce masa ai wannan shi ne magana.

“Wanga bai yi ba, Ummaru,” in ji shi. “In ka ɗauke Mafara ka ɗauke kasuwa. In ka ɗauke kasuwa ka ɗauke mota. Sauran da mi za su tai wasa, da jaki?”

Na ji shi sarai. Ba zan ce ban ji ba.

Ina cikin kwamitin wasanni a madadin iyayen yara, an sa ni ne saboda ni ke ɗinka wa 'yan wasa riguna. Da aka kira zama, Lawali ya tafi wani kwas na malamai. Na tashi na kawo maganar komawa rukunin birni. Jami'in da ke shugabantar zaman ya dube ni ta saman tabarau ya tambaya daga ina na samo wannan tunani. Na san idan na ce nawa ne za a ce tela ya koma kan kekensa. Sai na ce Malam Lawali ne ya tsara, shi da ya san harkar. Ban faɗi rabin maganarsa na ƙarshe ba. Jin sunansa ya sa kowa ya gyaɗa kai, aka aika sama, aka amince.

Da ya dawo ya ji, ya zo shago ya zauna ya jira na gama wuyan rigar da ke hannuna. Sannan ya ce, “Albasata ka kai ofis, Ummaru?” Na fara kame-kame, ina cewa don ci gaban yara ne. Na ce idan yana so zan koma in janye. A raina ina addu'a kada ya ce in koma, kuma bai ce ba. Cewa ya yi takarda ta riga ta wuce, kuma shi ɗan 'yarsu ne a Dakko, za su zage shi su yafe, ni kuwa bare ne, ba za su yafe mini ba. Na karɓi wannan rangwame da hannu biyu. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, wani ya jiƙe.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mun je Gusau an lallasa mu, mun sake zuwa an sake. Ba motar kasuwa, sai an nemi bas, kuma babu wanda ya ja ɗanmu zuwa gidansu cin tuwo. Yara su sauka, su buga a gaban mutanen da ba su san sunansu ba, su hau mota su dawo da yunwa. Bayan 'yan shekaru makarantar ta daina zuwa. Sanusi babu wanda ya ɗauke shi zuwa ko'ina, yau shinkafa yake saye yana sayarwa, kuma yana cikin rufin asiri. A can baya kuwa abin da Lawali ya faɗa shi ya faru. Na Maradun da na Bakura sun gwada su ci gaba su kaɗai, amma babu ranar da mota ke haɗa su, gasar ta yi ta ramewa har ta mutu. Filin Dakko ya koma gona. Mutane suka sa wa abin suna, “rabon Lawali”.

Lissafinsa a kan danginsa ne kawai bai fita ba. Sun zage shi, amma yafewar ba ta zo ba. Kawu Ɗanjumma ya ci gaba da zuwa kasuwa duk Talata, sai dai ya sauya masauki. Za su haɗu a layin 'yan albasa, Lawali ya durƙusa ya gaishe shi, kawu ya amsa gaisuwar har ƙarshenta, da gida da iyali da gajiya, ba ya rage ko ɗaya, sannan ya juya ga mai ciniki. Lawali bai taɓa kawo mini ƙorafi ba. Abin da na lura kawai shi ne ya daina ɗebo albasa. Zai zo majalisa a yi hirar taki da ruwan kanal da siyasa, amma “da a ce” ta bar bakinsa. Ranar jana'izarsa ina tsaye a bayan wasu mutanen Bakura, na ji ɗaya ya ce Allah ya gafarta masa, mutumin kirki ne, ban da dai abin da ya yi wa ƙwallo. Ina jin sa, na gyara hulata na yi shiru.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yara sun cika gidajen kallo suna musu a kan ƙungiyoyin Turai, wannan ya kamata ta koma wancan rukuni, waccan ta fi ƙarfin inda take. Ina jin da zai zauna da su ya fi su surutu, domin irin hirarsa ce, sai dai zai tambaye su ko sun san sunan mai tsaron ragar makarantar da ke bayan gidansu. Hanyoyin da muke bi da waƙa a bayan mota, wasunsu yanzu sai an tambayi labari kafin a hau, kuma kowa yana so ya shigo gari da sauran rana. Na tabbata da zai sake shimfiɗa lissafinsa bisa wannan, wa zai iya zuwa wurin wa ya dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Ba mai zaman makoki ba ne. Duk yadda ƙasa ta juya, shi neman hanyar da yara za su haɗu yake yi, domin ya yarda zumunta a ƙafa take, ko da ƙafar tana bin ƙwallo ne.

Abin da ya tayar da ni na yi wannan rubutu, kwanakin baya wasu matasan malamai suka zo shagona a auna musu rigunan wasa. Suna so su farfaɗo da gasar tsakanin garuruwan uku. Ina aunawa suna shawara, sai ɗaya, wanda ina jin ko haihuwarsa ba a daɗe da yi ba lokacin da abin ya faru, ya ce su dai yi hankali kada su yi irin rabon Lawali. Bai san shi ba, bai san fuskarsa ba. Sunan kawai ya gada, a matsayin misalin yadda ake ɓata abu.

Washegari na hau mota zuwa Dakko. Kawu Ɗanjumma ya riga mu gidan gaskiya, sai babban ɗansa Maikano na tarar a zaure. Muka gaisa yadda ya kamata, aka kawo ruwa, sannan na faɗa masa komai tun daga tabarma har zuwa gaban kwamiti.

“Baba ya tai da fushin wanda bai yi laifi ba ke nan,” in ji Maikano. “Ni mi kake so in yi da wagga magana yanzu, Alhaji?”

Na ce gafara na zo nema.

“Wadda ta shafe ni na yafe. Amma ba a zaure kab ɓata shi ba. Gaban jama'a kaf faɗi waccan, sai ka tai gaban jama'a ka faɗi wagga.”

Shi ya sa kuke karanta wannan. Na kuma nemi matasan malaman su ba ni wuri a zamansu na gaba, zan tashi in maimaita da bakina.

Idan na auna abin da ya rage na Lawali, ba kofi ba ne, domin bai ci da yawa ba. Akwai magidanta a Mafara da Bakura da Maradun da har yau suke kai wa juna gaisuwar suna da ta'aziyya, kuma idan ka bi asalin sanayyar za ka tarar a kwanon tuwon ranar wasa ta fara. Wannan aikinsa ne, shi ya riƙe al'adar shekara da shekaru. Rabon da ya kashe gasar kuwa nawa ne. Duk wanda zai ba shi suna daga yau, ya ce rabon Ummaru Tela, zan amsa.

Roƙona ga mai karatu kaɗan ne. Idan ka ji mutum yana lissafin “da a ce”, ka saurara har ya kai ƙarshe, kada ka yanki rabin da ya yi maka daɗi ka ruga da shi. Idan kuma shawara taka ce, ka tsaya a kanta da sunanka ko da za a yi maka dariya. Dariyar da na guje wa ba za ta wuce yini ɗaya ba. Shi kuwa da sunan da na ɓata aka binne shi. Allah ya jiƙan Malam Lawali, ya sa ya huta, mu kuma ya ba mu ikon gyara abin da muka ɓata tun masu haƙƙin suna da kunnen ji.