Saura Nawa?

Mahaifina mai rabon gado ne. Tun ina ƙarami, in aka yi rasuwa a Lausu ko ƙauyukan da ke kusa, bayan an share makoki shi ake aiko wa. Ba ya riƙe takarda. Ƙasa yake sharewa da tafin hannu, ya ja layuka da yatsa, ya fitar da sumunin matar mamaci da sudusin uwarsa, kowa ya tashi ya san inda kan iyakar gonarsa ta tsaya.

Da aka dawo mulkin farar hula, aka kuma ƙaddamar da Shari'a a Kano, sai samarin malamai suka yawaita, da littattafansu masu kyau da kalkuleta a aljihu. Ba su yi masa rashin kunya ba, suna ma gaishe shi har ƙasa. Aiken ne dai ya riƙa raguwa, har aka shekara guda ba wanda ya yi sallama a zaurenmu don rabo. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma duk wanda ya yi sallama sai ka ga ya gyara zama, in ya ji gaisuwa ce kawai ya koma ya jingina. Abin yana ba ni tausayi, kuma, in faɗi gaskiya, yana ɗan ba ni kunya, don ni ma a zuciyata na ɗauka zamaninsa ya wuce.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a ƙasar Kibiya, in an yi dogon hutu kuma nakan tafi Kano ƙaro karatu. Malaminmu na lissafi mutum ne mai son ganin mun yi gumi. Wata Alhamis ya rubuta mana tambaya ɗaya a allo, ya ce wanda zai kawo amsa da hujja ran Litinin yake nema.

Jerin kaso-kaso ne da ba shi da ƙarshe. A saman kowane kaso, biyu ce ke ta ninka kanta, biyu, huɗu, takwas, sha shida, sannan a ninka ta da lambar kason. A ƙasa kuma lamba ce mai alamar motsin rai a gefe, wadda ke nufin ka ninka ta da duk lambobin da ke ƙasa da ita: shida, ashirin da huɗu, ɗari da ashirin, ɗari bakwai da ashirin, haka nan har abada. In an sauƙaƙa su, kaso na farko ɗaya bisa uku ne, na biyu ma ɗaya bisa uku, na uku ɗaya bisa biyar, na huɗu huɗu bisa arba'in da biyar. Wai a tara su duka.

Na hau motar Rano na zo gida da tambayar. Ran Asabar bayan la'asar ina zaune a zaure, an ɗauke ruwa ke nan, na cika shafi uku da tarawa. Kalkuleta tana ba ni tara-tara bayan ɗigo, tana matsowa kusa da ɗaya, amma matsowa ba hujja ba ce. Ni kuwa in abu ya ƙi mini, tsaki nake ta ja.

Baba yana kan buzunsa. Ya ce, "Kai, wannan tsakin fa? Wa ya taɓa ka?"

Na ce, "Lissafi ne, Baba, na makaranta. Ba irin naku ba ne."

"To karanto mu ji wanda ba irin namu ba."

Don in sallame shi na karanto. Ya share ƙasa, ya ja layi ɗaya dogo.

"Na farko sulusi ka ce? To ga gonar. An cire sulusi, saura sulusi biyu."

Na ce, "Baba, ai babu gona a nan. Tarawa ake yi."

Ya dube ni kamar na ce an yi tuwo babu tukunya. "Ana kaso ba abin da ake kasawa? Ci gaba kawai."

Sai na tuna haka yake aikinsa tun da. Ba ya tara abin da magada suka ɗauka, yakan ce a nan ake rigima. Abin da ya rage a ƙasa yake bi. Na biyu ya ɗauki sulusi, saura sulusi. Na uku ya ɗauki humusi, wato ɗaya bisa biyar, ya ɗan motsa leɓe ya ce saura biyu cikin sha biyar. Na huɗu ya ɗauka, saura biyu cikin arba'in da biyar. Nan ya ɗaga mini hannu.

"Tsaya, kar ka faɗi na gaba. Bayansa saura huɗu cikin ɗari uku da sha biyar."

Na danna kalkuleta. Haka ne daidai. 

"Ya aka yi kuka sani?"

"Ba ka duba sauran ba ne. Ɗauki sulusi biyun farko, ninka biyu ka raba huɗu, ga na gaba. Ninka biyu ka raba biyar. Ninka biyu ka raba shida. Ninkin yana nan a biyu, rabawar kuwa kullum ƙaruwa take. Sauran nan narkewa zai yi. In magadan ba su da iyaka, gonar ce za su cinye cif, ba ragi ba ƙari." Ya kakkaɓe hannu. "Amma wanda ya tsara rabon nan bai tausaya wa na baya ba."

Amsar ɗaya ce. Abin da ya rage mini kawai in mayar da maganarsa cikin haruffa, in nuna ƙa'idar sauran tana riƙe a kowane mataki. Kafin magariba na gama.

Ran Litinin ni kaɗai na kawo hujja a ajin. Malam ya sa na rubuta a allo, ya daɗe yana kallo, ya ce wannan hanya ba ita ce a littafi ba, a ina na samo ta? Ga 'yan birni sun zuba mini ido. Na hango kaina ina cewa tsohona ne ya zana a ƙasa da yatsa, na ji kamar dariya za a yi. Sai na ce ni na gano.

Da na koma gida, ko jaka ban ajiye ba Baba ya ce, "Ya ta kaya?"

"Daidai ne, Baba. Malam ya yaba ƙwarai."

"Ka gaya masa wanda ya yi?"

Na ce, "Na gaya masa."

Ya shafa gemu. Sannan a hankali ya ce, "Ashe har a Kano."

Shekara shida ya ƙara a duniya. Ba a sake kiransa rabo ba sai sau ɗaya ko biyu, amma ya daina gyara zama in an yi sallama. Abokansa na ƙofar masallaci duk sun ji labarin babban malamin boko na birni da ya jinjina wa lissafinsa, kuma sau da yawa a gabana Baba yake ba da labarin, ya juyo ya ce, "Ga shi nan, ku tambaye shi." Kowane karo sai in ce haka aka yi.