Ranar da Na Gyara wa Honarabul Tarihinsa

Akwai wata Asabar da ko na tsufa ba za ta fita daga raina ba. Ina shekarar ƙarshe a makaranta a Kafanchan, kuma bincikena na kammala karatu a kan wani tsohon ɗan majalisa ne na yankinmu, wanda har yara ke rera sunansa lokacin zaɓe. Malamina ya ce ba zai sa hannu ba sai na yi hira da mutumin, ga shi ranar Litinin za a rufe karɓar aiki. Wasiƙa uku na aika, ba amsa. Ni kuwa a lokacin ko gaisuwa sai na shirya ta a zuciya kafin in furta.

Na shiga bas ta Manchok don in je gida in yi kukana a gaban mahaifiyata. Mun ɗan yi nisa sai wani dattijo ya tsayar da mu kusa da wata baƙar mota da ta lalace. Riga mai gajeren hannu ce a jikinsa, ba hula, kowa ya ɗauka direban wani babba ne. Aka matsa masa kusa da ni. Bai gama zama ba wata mama mai sayar da citta ta ɗora masa zakaranta a cinya, kamar yadda ake yi wa duk wanda hannunsa ba kaya. Ya riƙe.

Ban gane shi ba. Hoton fosta kawai na sani, mai hula da kumatu, wanda aka ɗauka tun ina firamare.

Ina duba takarduna, shi kuma yana leƙe. Can ya nuna wani layi ya ce gadar da na ambata, ai a zangonsa na farko a majalisa Honarabul ya fara ta. Kunya gare ni, amma ba na iya haɗiye kuskure.

"Baba, a na biyu ne. Takardu uku na duba."

Ya ce shi ya san mutumin sosai. Na ce sanin mutum daban, sanin tarihinsa daban. Fasinjoji suka shigo maganar, suka wanke Honarabul tas a kan gadar da bai ƙarasa ba. Dattijo yana shafa zakara yana gyaɗa kai.

Sai ga mu a bakin gadar kanta. An yi ruwa, bas ta kafe a laka, direba ya ce maza su sauka su tura. A nan wani tsohon malamin firamare da ke zaune a gaba ya ga fuskar dattijon sosai.

"Tsaya. Ba kai ne ɗan fasto da nake duka a aji uku saboda lissafi ba?"

"Ni ne, Malam," in ji shi, ya rusuna da zakara a hannu.

Nan take kowa ya gane Honarabul ne da kansa. Mama ce kawai ba ta girgiza ba. Ta karɓe zakaranta ta ce, "Honarabul ne? To tura mana. Ai gadanka ne."

Ya kuwa tura, laka har gwiwa.

Da suka dawo ciki na kasa ɗaga kai. Ga mutumin da nake nema wata biyu, kafaɗarsa a jikin tawa, ga tasharmu tana matsowa, bakina ya ƙi buɗuwa. Sai da na hango rufin cocinmu na ce, murya na rawa, ni ce mai wasiƙu ukun. Ya yi dariya, ya ce ya tuna, a zango na biyu ne, ni ke da gaskiya. Ya ce in yi tambayoyina yanzu.

Na wuce tasharmu ban sauka ba. Tambaya biyu kawai na samu yi, mama da malamin firamaren da direba suka ƙwace sauran. Ni dai ina ta rubutu, har inda ya ce a kan gadar ba shi da abin faɗa. Ranar Litinin malamina ya sa hannu, ya ja layi a ƙarƙashin tambayoyin mama ya rubuta cewa sun yi kyau ƙwarai.

Tun ranar na gane karatu ba ya buɗe wa mutum baki. In abin da kake nema ya zauna kusa da kai, ka yi magana ko da muryarka na rawa.