Jaki, Doki da Dillali

Ni ajina huɗu a firamare aka mayar da ni gona, amma a ilmin sabis ko farfesa ya zo ƙauyenmu na bayan Basirka sai ya zauna a tabarma na koya masa.

Kamfanonin waya iri-iri ne. Akwai jaki, wanda ke bin ka har gona, sai dai murya kaɗai yake ɗauka. Akwai doki, mai kawo hoto da bidiyo, amma ɗan gayu ne, ƙafarsa ba ta sauka daga kwalta. Na ukun na jima ban san da shi ba.

A shekarar da yanar ido ta rufe wa uwargidana ido ɗaya, ta soma cin ɗayan, likita a Birnin Kudu ya ce a yi aiki kafin lokaci ya ƙure. Ta ce atafau ba mai taɓa ta sai ta ga fuskar jikan da ’yarmu ta haifa a Kaduna, don ba ta san ko za ta fito da gani ba.

Na hau jakina na kira, aka kara wa jaririn waya, ya callara kuka.

"Ga shi nan, Hajiya."

"Malam, kunne na ce maka yana ciwo?"

Sai muka hau acaɓa zuwa Gwaram neman doki. Na ɗaga waya sama a bakin kasuwa kamar mai duban wata. Hoton ya zo, ya daskare, rabin goshi kawai muka samu da bokitin wanka.

Wani malamin Islamiyya da ke wucewa ya tausaya mana, ya kai mu ofishin makarantarsu. A kan taga akwai wani ɗan akwati fari mai ƙyaftawa. Ya ce masu shi ba su da ƙarfen sabis ko ɗaya, sarowa suke daga manya su raba wa makarantu da shaguna. Na ce, "Ashe dillali ne!" Allah ya saka wa malamin nan da alheri, shi da dillalin nasa.

Ya haɗa wayata da akwatin, muka sake kira, fuskar jaririn ta fito tas. Hajiya ta kai wayar dab da idon da ya rage. Can ta goge hawaye da gefen mayafi.

"Wannan ne angon nawa? Kai, mummuna! Ko kuɗin cefane ba ka aiko ba."

’Yarmu na dariya tana cewa, "Inna, ki je a yi aikin mana."

Hajiya ta miƙo mini wayar ta gyara ɗaurin zani.

"Tashi ka kai ni Birnin Kudu. Sabon miji sai da ido biyu. Kai dai na gama kallonka tuni."